Ƴar dabbar da ba mu da sunanta: kundin aikin ƴan Laraba, Tawa

Laraba, 9 ga Oktoba 2024

Ƙungiyarmu ta nazarin halittu ta yi zamanta na farko na bana, yara goma sha huɗu, ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan ajin ƙarshe. Bara tsuntsayen tabkin Tabalak muka yi. Bana na zo da niyyar barewa, don ta cika karin maganarmu amma rabin yaran nan ba su taɓa ganinta da rai ba. Ban kai ga buɗe baki ba wata ɗaliba ta miƙo mini wayar yayanta, ta kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, wato monsieur na Faransanci: "Mushe, don Allah mece ce wannan?"

Hoton wata ƴar dabba ce tsaye cikin busasshen ganye. Jiki kamar na gafiyar da ta ƙoshi, ƙugu ya fi kafaɗa tudu, ƙafafu sirara kamar fensir da ɗan kofato a ƙarshensu, idanu manya baƙaƙe. Wani yaro ya ce haɗin kwamfuta ne. Wani ya ce zomo ne aka datse wa kunne. Na ce musu akwai ta, tana raye a kurmin Asiya, tana da ƴar'uwa a kurmin Afirka, kuma duk cikin dabbobi masu kofato babu wadda ta kai ta ƙanƙanta. Nan take barewa ta sha ƙasa. Aikin bana ke nan: mu ƙera siffarta daidai girmanta, mu rubuta bayaninta da Hausa a babbar takarda, mu nuna wa iyaye a ƙarshen shekara.

Tun ba a je ko'ina ba muka ci karo da matsala. Ba mu da sunanta da Hausa. Faransawa na ce mata chevrotain, daga kalmarsu ta ɗan akuya. Sunanta na Ingilishi in an juya shi "barewa-ɓera" ne. Mun bar ta a "ƴar dabbar" tukuna.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na kwana biyu ina tattara abin da ya tabbata. Danginsu ana kiransa Tragulidae, iri goma ne ke raye a yau, cikin gida uku. Gidan Tragulus, iri shida, suna kudu maso gabashin Asiya: Maleshiya, Indunusiya, Tailan, Biyetnam, har da tsibirin Balabak na Filifin. Gidan Moschiola, iri uku, suna Indiya da Siri Lanka, jikinsu da ɗigo-ɗigon fari. Gida na uku mutum ɗaya ne tak, Hyemoschus aquaticus, ta Afirka, wadda ke zaune a kurmi tun daga Saliyo har yammacin Yuganda. Ita ce babba a dangin, daga kilo 7 zuwa 16.

Lamba a allo ba ta shiga kan yaro. Sai na aro sikeli wajen mai shagon unguwarmu, na zo da tiyar hatsi daga gida. Muka auna, tiyar ta ɗara kilo biyu. Na ce musu ta tsibirin Jaba, wadda ta fi kowa ƙanƙanta, kilo ɗaya zuwa biyu ce, tsayinta daga ƙasa santimita 30 ko kusa da haka. Wato uwa ce cikakkiya, mai tuƙa, mai shayarwa, amma ba ta kai tiyar hatsi ba. Kowa ya ɗaga tiyar da hannu ɗaya. Autan ƙungiyar, wanda gidansu ke kiwo, ya ce, "Mushe, ai ɗan akuyarmu ranar da aka haife shi ya fi ta."

Mun yanke shawarar yin siffa biyu: ƙaramar ta Asiya, Tragulus kanchil, da babbar ta Afirka. Kowa zai kawo dala ashirin a mako, ni zan cika sauran.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Na tafi da yara huɗu rumfar mahauta tun da hantsi, don littattafai sun ce cikin ƴar dabbar ya bambanta da na sauran masu tuƙa, ni kuma ban so in faɗi haka ga yaran da ba su taɓa kallon cikin akuya da kyau ba, sai dai a miya.

Mahaucin da muka samu ya ɗauka kayan ciki za mu saya, har ya fara yanka. Na ce, "Tsaya, sarkin fawa, a haɗe muke sonsa." Ya dube ni, ya dubi yaran, ya girgiza kai, sa'an nan ya shimfiɗa shi kan tebur ya zama malami na gaske. Ga babban tumbi mai gashi-gashi kamar tawul, inda ciyawa ke jiƙa. Ga na biyu mai gida-gida kamar saƙar zuma. Ga na uku, dunƙulalle, da ya tsaga shi sai ga shafuka jere kamar littafi, busasshen abinci maƙale tsakaninsu. Ga na huɗu mai santsi, wanda shi ne ya yi kama da namu. Ya sa kowace yarinya ta taɓa, ɗaya ta toshe hanci.

Na ukun nan, mai shafuka, shi ne ƴar dabbar kusan ba ta da shi. Ɗan alama kawai ya rage. Aikinsa matse ruwa da tace abinci mai tauri. Ita kuwa ba ta damu da busasshiyar ciyawa ba. Ƴaƴan itacen da suka faɗo ƙasa take tsinta, da ɗanyen toho, da naman kaza. Cikinta ƙarami ne, abincin da ke narkewa da wuri take bukata. Da na bayyana wa mahaucin haka sai ya ce, "To Malam, wannan a Adar ko kwana uku ba ta yi." Gaskiyarsa. Mu da damina ke ba mu wata uku in an yi sa'a, wane itace ne zai riƙa zubo mata ƴaƴa shekara zagaye?

Ya ƙi karɓar kuɗi. Sai muka sayi hanta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ƙashin bayan siffofin waya ce, mai walda na bakin tasha ya lanƙwasa mana. Na kai masa zane da awo tun ranar Asabar. Yau aka kawo, sai ga ƙaho biyu tsaye a kan kowace. Na koma wurinsa. Ya ce, "Mushe, na ga ka manta ne, na cika maka kyauta."

Ban ga laifinsa ba. Duk mai kofato rababbe da ya sani, daga gada har gwanki, namijinta na da ƙaho. Wannan dangi kuwa ba su da shi, mace da namiji. Makamin namiji fiƙa ce: haƙora biyu na sama, dogaye masu kaifi, suna leƙowa ƙasa ta gefen leɓe. Na gadu sama suke lanƙwasa, nasu ƙasa suke kallo. Da su maza ke yankan juna in an yi faɗa kan mace ko kan wuri. Na mace ƙanana ne, ba a ganinsu. Mai walda ya yanke ƙahon yana ta mita, wai an mayar da dabba kwaikwayon kare.

Ƙafa ma sai da muka gyara. Yatsu huɗu ne, biyu na tsakiya ke taka ƙasa, biyu na gefe kuma da cikakken ƙashinsu, sun fi ƴan kofatan nan da ke rataye bayan ƙafar akuya. Masana na cewa haka kakannin masu tuƙa suke kafin a san ƙaho. Dangin ya daɗe: an tono ƙasusuwansu a Karabi ta ƙasar Tailan masu shekara wajen miliyan 34, an kuma sami na wani mai suna Dorcatherium a tsibirin Rusinga na Kenya da kuma Turai.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Wannan rana ce ta juya aikin gaba ɗaya, kuma ba da shiri ba.

Na je gaida kawuna, ƙanin mahaifiyata, a Bilbis. Kamar yawancin mazan Adar na zamaninsa, ƙuruciyarsa a bida ta ƙare. Ya yi Abijan, daga baya ya gangara yammacin Kodibuwa, wajen iyaka da Laberiya, yana tallar koli a sansanonin manoman koko. Bayan gaisuwa ya tambayi aiki, na ciro waya na nuna masa hoton ta Afirka don dai hira. Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wagga? Ai na san ta. Bish-koshon."

Na gyara zama. Na ce, "Kawu, ka gan ta da idonka?"

"Sau nawa! Maharba na zuwa da ita sansani da sahe, rataye ga sanda. Ja ce, da zane hwari-hwari ga haƙarƙari awa an ja mata alli. Hwatar gindinta kauri gare ta, wuƙa ba ta shiga da sauƙi." Ya ce sunan nan na Faransanci, barewa-alade, maharba na liƙa shi ga ƙananan namun daji da dama, har da gada, amma wannan dabam take, kowa ya san ta da ruwa. Abin mamaki, sunanta na kimiyya ma da kalmar alade ta Girkanci ya fara.

Sau ɗaya ya gan ta da rai. Da magariba ya gangara rafi alwala, karen wani manomi ya tashe ta daga cikin saiwoyi. "Ban ga ta yi daji ba, ɗana. Ruwa tac ci. Tsulum! Munka tsaya muna jiran ta taso, shiru. Kare na ta haushi bakin gaɓa. Can ƙasa da nisa, ƙarƙashin wani reshe, nig ga ɗan hanci ya hito, ya koma." Ya nuna mini da babban yatsansa yadda hancin ya leƙo.

Na tambaye shi ko ya ci namanta. Ya harare ni. "Abin da tarkon waya ya shaƙe tun dare? Ku dai ake ce ma Mushe, mu ba mu cin mushe." Matarsa ta yi dariya har ta ajiye rariya.

Abin da ya faɗa daga baya ya fi tsaya mini. Zuwansa na farko, daga sansani zuwa rafi cikin duhun itatuwa ake tafiya, rana tsaka kamar asuba. Kafin ya dawo gida ɗungum, hanyar duk ta zama gonar koko, maharba kuma sai sun yi tafiyar yini kafin su samo ta. Kodibuwa ce kan gaba a noman koko a duniya, kuma kurminta ne ya biya kuɗin. Babban abin da ya rage a yankin shi ne gandun dajin Tayi, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1982, kuma ƴar dabbar na nan cikinsa.

Wata guda ina tonon intanet, ashe shaidar gani da ido na zaune a Bilbis yana jan casbi. Ya yi alkawarin zuwa ya duba aikinmu in ya kammala.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Na karanta wa yara labarin Kawu, muka gwada shi da abin da masana suka rubuta. Wani Bafaranshe, Gérard Dubost, ya bi diddigin wannan dabba a kurmin Gabon, wajen Makoku, a shekarun 1970. Abin da ya gano bai saɓa wa na Kawu ba. Da wuya a same ta ta yi nisan da ya wuce mita 250 daga ruwa. Da rana tana kwance a ɓoye, da dare take fita kiwo, ita kaɗai. Wajen kashi biyu cikin uku na abincinta ƴaƴan itace ne, takan kuma haɗa da ƙwari da ƙaguwa, har mataccen kifi in ta samu. Mace ta fi namiji nauyi. Mace na yawo cikin hekta 13 zuwa 14, namiji 20 zuwa 30, filinsa ya ratsa na mata biyu ko fiye. A tudu take ci, a tudu take kwana. Ruwa mafaka ce ta ranar da damisa ko gaggafa ko mesa ta matsa.

Na Asiya ma an kama su da wannan hali. A Borniyo an ga babbar cikinsu, Tragulus napu, ta faɗa rafi tana nitso minti-minti, tana leƙowa tana komawa, kusan awa guda.

Na ɗan kauce hanya, don abin ya burge ni: a 2007 wani masani, Hans Thewissen, da abokan aikinsa suka nuna cewa wata tsohuwar dabba mai suna Indohyus, da aka tono ƙasusuwanta a Kashmir, ƴar'uwar kakannin kifin whale ce ta kusa. Girmanta da sifarta sun yi kama da na ƴar dabbarmu, ita ma ana jin ruwa take fakewa. Danginsu ba ɗaya ba ne, na nanata wa yara haka sau biyu, don na ga autan ya fara rubuta cewa ƴar dabbar uwar whale ce.

Laraba, 11 ga Disamba

Ƙaramar siffa ta durƙushe. Mun lulluɓe wayar da takardar buhun siminti da kokon rogo, hawa biyar, jikin ya yi nauyi, ƙafafun fensir suka baje. Yara sun ce a ƙara musu kauri. Na ƙi. In ƙafar ta yi kauri ta zama ɗan akuya. Mun fasa jikin, za mu sake shi hawa biyu, ciki fanko. Babbar kuma gara ta fara lasar ƙafarta ta baya a ɗakin ajiya. Mun ɗora ta kan bulo, mun zuba toka kewaye.

Asabar, 28 ga Disamba

Hutu. Na kai babbar wurin badukun da ke yi mini takalmi. Fatar jar akuya muka zaɓa, jimar bagaruwa, jaka uku. Launinta ya yi kusa da ja mai duhu da Kawu ya faɗa.

Mun yi gardama kan zane. Shi yana son ya jera ɗigon daidai wa daida, hagu da dama, kamar adon alabe. Na nuna masa hotuna: a gadon baya ɗigo ne layi-layi, a haƙarƙari sai su haɗe su zama zane dogo daga kafaɗa zuwa ƙugu, ƙarƙashin haɓa da maƙogwaro kuma farare masu faɗi. Ba su da tsari irin na hannun mutum. A ƙasan kurmi hasken rana ɗigo-ɗigo yake saukowa ta tsakanin ganye, dabbar da ta kwanta shiru da irin wannan riga sai ta ɓace a gaban idonka. Ya ce, "Malam, wato in ɓata aikina da gangan?" Na ce eh. Ya yanka farar fata tsiri-tsiri, yana ɗinkawa yana tsaki, amma hannun gwani ko ya so ɓatawa ba ya iyawa.

Ta Asiya ba ta da ɗigo. Ja-ja ce, cikinta fari, da zane uku farare a maƙogwaro. Babbar ƴar'uwarta napu biyar gare ta. Wannan fenti za mu yi mata. Fiƙa kuma daga ƙashin haƙarƙarin rago ya fere mana, guda huɗu, ya goge su da ganyen ɓaure har suna ƙyalli.

Laraba, 15 ga Janairu 2025

Sanyi da hazo, yara tara kawai suka zo. Na bar awo na ba su tatsuniya.

A ƙasar Malayu, wato Maleshiya da Indunusiya, ƴar dabbar nan ita ce Gizonsu. Sang Kancil suke ce mata. Wata rana ta hango itace mai ƴaƴa a ƙetaren kogi, kogin kuwa cike da kadoji. Sai ta ce musu sarki ya aiko ta ƙirga su, za a yi musu walima, su jeru daga wannan gaɓa zuwa waccan. Suka jeru. Ta bi bayansu tana tsalle tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, har ta dira a tudu, ta yi musu gwalo. Yaran sun ce wallahi Gizo ne, Ƙoƙi kawai ta rasa. Amma wata ta lura da bambanci: Gizo yawanci kwaɗayi ke kai shi, yakan kuma sha kashi a ƙarshe, ita wannan tsira take nema daga waɗanda suka fi ta ƙarfi. Na sa ta rubuta wannan a takardar nuni da sunanta.

Akwai kuma labarin kafa birnin Malaka wajen shekara ta 1400. An ce yarima Parameswara na hutawa gindin wani itace, karen farautarsa ya ritsa ƴar dabbar a bakin kogi, ita kuma ta yi masa harbi da ƙafa ya faɗa ruwa. Ya ce ƙasar da ƙaraminta ke da wannan zuciya ta isa a zauna. Har yau akwai biyu daga cikinsu tsaye a tambarin jihar Malaka.

A zahiri dai matsoraciya ce. In ta ji motsi sai ta daskare, ko ta ruga a karkace cikin ƙananan hanyoyin da ta saba bi ƙarƙashin ganye. Namiji kan buga ƙafa a ƙasa da sauri kamar mai kiɗan kalangu. Ɗa ɗaya take haifa, bayan ciki na kusan wata biyar, kafin rabin awa ya miƙe tsaye. Uwar kuma cikin ƴan awoyi da haihuwa tana iya ɗaukar wani cikin. Ƴan matan suka haɗa baki: "Subhanallahi, ko arba'in babu?"

Laraba, 29 ga Janairu

Darasin yau na Biyetnam ne. Akwai iri guda, Tragulus versicolor, mai gaba ja da baya ruwan azurfa. An fara bayyana ta a 1910 daga wasu huɗu da aka samo kusa da garin Nha Trang. Aka sake samun guda a 1990 a hannun mafarauci. Daga nan shiru, kusan shekara talatin, har wasu na zaton ta ƙare. Masu binciken da suka tashi nemanta ƙauyuka suka fara bi, suna tambayar mazauna wurin da masu gadin daji. Mutane suka ce suna ganin mai furfurar baya a wuri kaza. Aka ɗaure kyamarori uku masu ɗaukar hoto da kansu a gindin itatuwa, wata biyar, aka sami hoto 275. Aka ƙara 29, aka sami 1,881. A Nuwamba 2019 aka sanar wa duniya.

Ɗalibar da ta fara kawo hoton ta ce, "Mushe, ashe su ma kawunsu suka tambaya."

Abin da ke cin su a can shi ne abin da Kawu ya gani a Kodibuwa: tarkon waya. Arha gare shi, mutum ɗaya na iya ɗana ɗaruruwa, ba ya zaɓe, kuma dabbar da ke bin hanya ɗaya kullum ita ce ta fi saurin faɗa masa. Ta Balabak tana cikin jerin waɗanda ke fuskantar ƙarewa. Ta Afirka ba a sa ta can ba tukuna, amma adadinta raguwa yake yi.

Yara na son mu ɗaura irin kyamarar a bakin tabkin Babaye mu ga abin da ke zuwa shan ruwa da dare. Asusunmu jaka huɗu da ƴan kai. Na rubuta shi cikin abubuwan baɗi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kawu ya zo, da sandarsa da rawaninsa, a bayan babur ɗin jikansa. Yara suka durƙusa suka gaishe shi, aka ba shi kujerata. Muka yaye zanen da muka rufe babbar da shi.

Ya daɗe yana kallo. Ya shafa fatar, ya yaba ɗinkin. Ya ɗaga leɓen ya ga fiƙa, ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya ce, "Wa ya ɗaga mata kai haka?"

Ni ne. Na tsayar da wuyan sama, kunnuwa a miƙe, kamar barewar da ta ji motsi a fili. Ya ce sam. "Wagga ba ta kallon nesa, mi za ta gani cikin kurmi? Kai ƙasa, gindi bisa, awa mai shiga ƙarƙashin danga." Ya sunkuya da kansa ya gwada mana, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, yara na ƙunshe dariya. Na koma hotuna, haka ne. Ina da su tun Oktoba, na gyara wa mai walda ƙaho, na gyara wa baduku zane, ni kuma na ba ta wuyan barewa ban sani ba. Jikin nan kamar weji yake, don ratsa sarƙaƙiya, fatar ƙugu mai kauri kuma ita ke tare ƙaya. Dole a farke ɗinkin wuya, a lanƙwasa waya, a sake.

Muka kawo masa maganar suna. An rubuta uku a allo. "Gadar ruwa" ta fi samun hannu, sai autan ya ce duk wanda ya karanta zai ɗauka gadar Kennedy ta Yamai ake nufi. "Mai fiƙa" ta faɗi don mace ba ta nuna tata. "Ƴar nitso" ƴan mata suka kawo. Kawu ya ce shi dai bish-koshon ya sani, amma in Hausa ake so, ƴar nitso ba ta yi ƙarya ba. Wani yaro ya ce to ƙaramar ta Asiya fa, an tabbata ita ma tana nitso? Ba mu rufe maganar ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Wuya ya sauka. Baduku ya karɓi jaka ɗaya na farkewa da sake ɗinki, ya ce in Kawu zai sake zuwa a faɗa masa tun da wuri. Ƙaramar ta tsaya da ƙafafunta, hawa biyu, na auna ta a sikelin mai shago: gram 900, ba ta kai mai rai ba amma ba ta durƙushe ba.

Saura idanu. Mun gwada maɓallin riga, sun yi ƙanana, dabbar dare ce, idonta ya cika fuska. Wata ta ce kakarta na da baƙaƙen duwatsun ado masu ƙyalli, za ta roƙo huɗu. Saura kuma ƙasan da za su tsaya a kai: muna son busasshen ganye da ƴaƴan itace zube, za mu yi da ganyen mangwaro da ƴaƴan ɓaure, da tsohon madubi a matsayin rafi. Takardar bayani an rubuta kashi biyu cikin uku, wurin suna a sama har yanzu fili ne, na sa a bar tsawon tafin hannu biyu.

Azumi ya zo, ba zama sai bayan salla. Na ɗauke su biyun zuwa gida saboda gara, suna kan kabad a ɗakina.